Mai Faci a Layin Ɗibar Jini

Shekara talatin da huɗu ina faci a Suame,
a bakin Magazin, inda ƙarfe ke kuka tun asuba.
Na san tayar da za ta kai Tamale ta dawo,
na san wadda ba za ta wuce Offinso ba.
Tiyub ba ya ƙarya.
Ka hura shi, ka danna shi cikin baho, ka jira.
Inda ya huje, kumfa ce za ta tona masa asiri,
ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, suna hawowa.

Yau ni ne a cikin bahon.

Ciwon ƙugu ya kai ni asibiti, ba wani abu ba.
Suka shafa min mai mai sanyi a ciki,
suka yi ta guga da wani abu kamar kan tocila.
Likita Amoako ta juyo min da allon:
"Baba Gariba, ka ga nan?
Babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya,
a bayan cibiya, ta yi kumburi.
Santimita huɗu da ɗigo biyu."
Na ce, "Ƙulun taya ke nan."
Ta yi dariya.
Sai kuma ta daina.

Ta ce ba a yanka tukuna.
Sai ya doshi biyar da rabi ake maganar wuƙa.
Wani nasa kan kwanta shekaru, kamar kare a inuwa,
wani nasa kan yi ta girma a ɓoye,
kuma hoto na faɗin inda aka kwana ne kawai,
ba ya faɗin saurin tafiya.
Shi ya sa suke tambayar jini.

Bangon jijiya, in ji ta, saƙa ne.
In zarensa ya fara tsinkewa
yakan zubar da ɓurɓushi, jini ya kwashe,
har da guntayen gudan da ya daskare ya narke.
Su suke ƙirgawa.
"Ba mu gama iya karatunsu ba," in ji ta,
"muna dai koyo. Da irin jininku."
Na ji daɗin wannan magana.
Ban taɓa yarda da makanikin da ya san komai ba.

Duk wata shida, ni da Zuwera, autata,
mu hau mota daga Aboabo kafin rana ta yi ƙarfi.
Yarinyar da ke ɗiba, Akosua, hannunta ba nauyi.
Kwalba uku, murfi ja, murfi shuɗi,
sunana a jiki da rubutun da ban iya karantawa.
Ina kallon abin da na ɗauka tun daga cikin uwata
yana tafiya a faranti, zai ba da shaida a kaina.

Bana huɗu da ɗigo shida.

Taba na yar da ita a kwatar Subin,
bayan shekara arba'in muna abota.
Har yanzu yatsuna biyu kan neme ta bayan shayi.

Da dare, in gida ya yi shiru,
nakan ɗora tafi ƙasa da haƙarƙari.
Yana nan, dum, dum,
kamar baƙon da ya iso bai ce yaushe zai tashi ba.
Ba na zaginsa.
Allah Ya san awon iskar da Ya hura min.

Jiya wani direba, Fuseini, ya tsaya da ƙulu a tayar baya,
fasinja sha biyar a ciki, har da mai goyo.
"Baba, iska kawai, ina sauri."
Na shafa wurin. Ya yi laushi, ya yi ɗumi.
Na ce, "Sauke su."
Ya ce, "Ai wata uku ina tafiya da ita haka."
Na ce, "Na sani.
Kawo jak."